Ranar da Na Ƙirga Bugun Zuciyar Inna

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu karatu. Zulfa ce. Ga sababbin zuwa, ga ni a taƙaice: shekarata ashirin da biyar, ma'aikaciyar lafiya ce ni a ƙaramin asibitin ƙauyenmu da ke gefen Makoda. Mahaifiyata ta rasu ina tsumman goyo, mahaifina ya bi ta ina shekara bakwai, don haka kakata ta wajen uba, Inna Nana Maryam, ita ce uwata, ita ce ubana. Akwai kuma Khamisu, mai fataucin dabbobi, wanda shekara biyu ke nan yana zirga-zirga tsakanin Kano da ƙofar gidanmu, ni kuma ina ta ɗaga masa maganar sa rana. Yau zan faɗa muku abin da na yi masa da dalilin da ya sa na yi. Ku yi min hukunci, amma don Allah a hankali.

Wata Alhamis ce, ana tsakiyar cirar gyaɗa. Tsakar gidanmu ba wajen taka ƙafa, tabarmi uku duk shanya ce. Inna tana zaune a kan 'yar kujerarta gaban murhu tana suyar gyaɗar da za ta kai inji, don har yau ba ta yarda wani ya yi mata ƙuli-ƙulinta ba. Na fito cikin fararen kayan aikina, na zura farin hijabi, ina neman ɗayan takalmina a ƙarƙashin gado, sai waya ta yi ƙara.

*Likita, barka da safiya. Ina kasuwar kara, an sauke raguna masu kyau. Akwai wani fari tas, na ce wannan na ranar walima ne, in an ga dama an sa mana rana.*

Na yi murmushi ni kaɗai. Na rubuta masa: *Malam, rago ya yi ta cin dusa tukuna.*

*Shekara biyu yana ci. Ya kusa fin ƙarfin wuƙa.*

Ban kai ga ba shi amsa ba na ji tsayuwar babur a waje, sai ga sallamar Gwaggo Murja, ƙanwar mahaifina da ke aure a Kunci. Ta sha koriyar atamfa da ɗauri ya kai ɗauri, hannunta riƙe da ledar kuka da daddawa. Da na ga irin wannan shigar da sassafe na san ba gaisuwa kaɗai ta kawo ta ba.

Ko zama ba ta gama yi ba ta ce, "Zulfa, ajiye jakar nan. Jiya baffannin yaron nan suka je wajen Yaya Sabo. Karo na uku ke nan. Me kike so a ce musu?"

Baffa Sabo shi ne babban ɗan Inna, shi ne kuma waliyyina.

Na ce, "Gwaggo, a bari a gama aikin kaka."

"Bara kin ce a bari ki kama aiki. Kin kama. Da bazara kin ce a bari damina ta wuce. Ta wuce. Ba wanda ya zaɓa miki shi, ke kika kawo abinki. In kin fasa ki faɗa, mu daina jin kunyar mutane."

"Ban fasa ba."

"To mene ne?"

Na saci kallon Inna. Ita ko ɗago kai ba ta yi ba, tana ta juya gyaɗarta. Can ta ce, "Murja, bar min yarinya ta tafi aiki. Bari in ɗebo miki sabuwar gyaɗa ki kai wa yara."

Ta dafa gwiwa ta miƙe. Taku biyu ta yi, sai na ga ta tsaya cak. Ludayin ya suɓuce daga hannunta. Idonta a buɗe yake amma babu kowa a cikinsa. Ta sulale a hankali kamar zanen da aka saki daga igiya, na yi tsalle na tare kanta kafin ya kai ƙasa.

Gwaggo ta kama salati. Ni kuwa hannuna ya riga tunanina aiki: na kwantar da ita, na ɗaga ƙafafunta a kan buhu, na ɗora yatsuna biyu a wuyan hannunta ina kallon agogona. Bugu ɗaya. Shiru. Na jira har sai da na ji nawa numfashin ya tsaya, sannan wani bugun ya zo. Na ƙirga minti guda cur. Talatin da takwas. Na ce ƙarya ne, na sake. Talatin da tara. Bugun mai lafiya in yana hutawa daga sittin yake farawa.

Ta buɗe ido sosai ta ce, "Wa ya bar min gyaɗa a wuta?"

"Inna, tun yaushe kike yin haka?"

"Ɗan jiri ne."

"Tun yaushe?"

Ta kawar da kai. Sai da na ce wallahi ba zan je aiki ba in ba ta faɗa ba, sannan ta ce tun farkon damina. Sau huɗu ta faɗi, duk ina wajen aiki. Sau ɗaya ma a bakin rijiya. Ta roƙi maƙwabciyarmu da ta gani kada ta faɗa min.

'Yan uwa, kullum ina auna mutum talatin a asibiti. Matar da nake kwana ɗaki ɗaya da ita, wata biyar ban taɓa kama hannunta ba. Na ga ta daina zuwa gona da ƙafa, na ce tsufa ne. Na ga tana hutawa sau biyu tsakanin ɗaki da zaure, na ce tsufa ne.

Ina gyara mata zane na ji wani ƙulli a haɓarsa. Na kwance, sai ga ƙananan fararen ƙwayoyi a takardarsu. Na karanta sunan. Maganin hawan jini ne, irin wanda yake rage gudun zuciya.

Gwaggo ta ce da ƙaramar murya, "Nawa ne. Ta ce min kanta yana juyawa, ni ma da haka nawa ya fara. Na ga ya yi min amfani."

Na buɗe baki zan yi magana, sai na ga idonta ya ciko. Na haɗiye. Da so ta yi, kuma da na lura da wuri da ba a kai nan ba.

Khamisu na kira. Bai tambaye ni komai ba sai, "Tana magana?" Na ce tana yi. Kafin azahar ga shi a ƙofar gida da motar abokinsa, rigarsa duk gashin tumaki, ko gida bai biya ya sake kaya ba. Inna ta dube shi ta ce, "Angona, haka za ka fita da ni cikin birni kana warin garke?" Ya ce, "Amarya, a yi haƙuri, gaggawar ganinki ce." Da wannan wasan nasu aka samu ta shiga mota.

A babban asibiti a Kano aka tura mu sashen zuciya. Likitan, Dokta Abdussalam, mutum ne mai furfura a gemu da magana a nutse. Aka manna wa Inna wayoyi a ƙirji, takarda ta fito da zanen bugun zuciyarta. Ya daɗe yana dubawa. Ya ce a daina ƙwayar Gwaggo, a dawo bayan mako guda. Da muka koma bugun ya ɗan ɗaga, ya kai arba'in da huɗu, amma bai wuce nan ba. Sai suka rataya mata wata 'yar na'ura kamar ƙaramar rediyo, ta yini ta kwana da ita tana ɗaukar kowane bugu.

Ranar da aka karanta sakamakon, likita ya jawo kujerarsa kusa da ita, bai yi min Turanci ba, da ita ya yi magana.

"Hajiya, a can saman zuciya ta ɓangaren dama akwai wani ɗan wuri, bai kai ƙwayar gyaɗa biyu ba. Shi yake ba zuciya umarni ta buga. Tun kina cikin mahaifiyarki yake wannan aikin, bai taɓa hutu ba. In kin tashi tafiya ya ce a ƙara sauri, in kin kwanta ya ce a sassauta."

Inna ta ce, "Mai ba da umarni dai, kamar Murja."

Ya yi dariya. "To, shi wannan wurin yana tsufa kamar yadda ido da gwiwa suke tsufa. Ƙwayoyin halittar da suke aikin suna raguwa da shekaru, wurinsu ya zama kamar tabo. Kowa in ya manyanta nasa yana raguwa, shi ya sa dattijo ba ya gudun saurayi. Yawancin mutane abin da ya rage yana isarsu. Naki ne ya gaji da yawa. Kina tafiya, jiki yana neman ƙarin jini, shi kuma ba ya iya ƙara sauri, sai ki ji haki. Wani lokaci kuma sai ya yi shiru gaba ɗaya."

Ya nuna min takardar. Layi ne miƙe, babu tudu ko ɗaya. Ya ce, "Nan daƙiƙa biyar da rabi. Da rana ne, ƙarfe goma sha ɗaya." Na tuna lokacin tana zaune tana tsince wake, na ɗauka gyangyaɗi take.

Na ce, "Dokta, babu magani?"

"Ƙwayar da ta sha ta ƙara abin, amma ba ita ta kawo shi ba. Babu kuma ƙwayar da za ta mayar da wurin sabo. Abin da ake yi, ana sa ƙaramar na'ura mai batir a ƙarƙashin fata, nan ƙasan ƙashin wuya, a zura siririyar waya ta jijiya zuwa zuciya. Tana saurare ne kawai. In zuciya ta buga da kanta, ba ruwanta. In ta yi jinkiri, sai ta tuna mata. Ba a ma sa mutum barci, wurin kawai ake kashewa. Batirin yakan yi wajen shekara goma."

Inna ta gyara mayafinta ta ce, "Shekara goma."

"Ko fiye, in Allah ya so."

"Allah ya saka da alheri, likita. Ni ba tocila ba ce da za a sa min batir. Zulfa, tashi mu tafi."

Babu irin lallashin da ba a yi ba. Baffa Sabo ya zo ya ce shi da ƙannensa sun ɗauki nauyin komai, kada ta sa wannan a ranta. Limamin unguwarmu ya zo ya ce neman magani ba ya karo da tawakkali. Ta saurari kowa, ta ba kowa ƙuli-ƙuli, ta ce a'a.

A nan ne na yi abin da na ce zan faɗa muku. Ranar Talata da rana, ina zaune a ɗakin allura babu kowa, na ɗauko waya na rubuta wa Khamisu:

*Malam, ka yi min haƙurin da ba kowa zai yi ba. Ba zan iya tafiya Kano in bar Inna tana faɗuwa ita kaɗai ba, kuma ban san ranar da zan iya ba. Kada in ci gaba da riƙe ka. Na sake ka har ga Allah. Ka nemi wadda za ta sa maka rana.*

Sau uku ina gogewa ina sake rubutawa. Na tura. Nan take alamomin nan biyu suka zama shuɗi, ya karanta ke nan. Na ga *yana rubutu*, ya tsaya. Ya sake, ya tsaya. Daga nan shiru. Talata ta wuce, Laraba ta wuce. Mutumin da ko akuya ce ta haihu a garkensa sai ya turo min hoto, ko sallama babu. Ina duba waya har a tsakanin raka'o'in nafila, Allah ya yafe min.

Ranar Alhamis bayan la'asar muna zaune ni da Inna a inuwar darbejiya muna ɓarar gyaɗa. Iska tana kaɗawa a hankali, daga gonakin bayan gida ana jiyo muryoyin masu ɗaurin dawa. Na lura ko ɓarar ma sai ta yi kaɗan ta huta.

Na ce, "Inna, tsoron aikin kike ji? Zan tsaya a bakin ƙofa har a fito da ke."

Ta yi 'yar dariya. "Na haifi tara a ɗakin can, ba nas ba allura. Yankan da bai kai ɗan yatsa ba zai ba ni tsoro?"

"To mene ne?"

Ta daɗe tana murza gyaɗa ɗaya a hannunta. Sannan ta ce, "Kin ji abin da ya ce. Shekara goma. In aka sa min abin nan, shekara goma za ki yi a tsakar gidan nan kina kama min hannu kina kallon agogo. Ki kai talatin da biyar kina jiran tsohuwa ta mutu. Ina sane da ke, Zulfa. Ba aiki ba ne, ba damina ba ce, ba kaka ba ce. Ni ce. Shi ya sa na ɓoye miki faɗuwar. In Allah ya ɗauke ni a kan lokacina, kin huta, kin tafi ɗakinki."

Kwanon da ke cinyata ya kife. Ban san lokacin da na durƙusa a gabanta ba. "Inna, mutuwa kike zaɓa don in yi aure?"

"Ba na zaɓar komai. Na dai ƙi a ƙara min abin da zai tauye ki."

"To ai kin makara. Na riga na sallame shi tun shekaranjiya."

Tunda nake ban taɓa ganin fuskar Inna ta yi irin wannan ba. Ba ta yi faɗa ba. Ta dai dube ni ta ce, "Ashe mu biyu muka taru muka yi wauta." Ta jawo kaina ta ɗora a cinyarta kamar ina 'yar shekara bakwai. Muna nan a haka har aka kira magariba.

Ga wata gaskiyar da ko Inna ban faɗa wa ba a ranar. Ba don ita kaɗai nake ɗaga ranar ba. Ni ban taɓa kwana bakwai a jere a wani gida ba in ba lokacin makaranta ba, shi ma duk Juma'a ina hanya. Duk wanda na taɓa kira nawa, in na juya baya sai in tarar babu shi. A raina gani nake ranar da na fita daga gidan nan da lefe, ranar za a kira ni a ce in dawo. Tsoro ne, na yi masa lulluɓi da sunan biyayya.

Washegari Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, ina wanke-wanke da tsohuwar doguwar riga duk ta jiƙe, sai na ji sallamarsa a zaure. Na ruga ɗaki na zura hijabi ruwan toka, ko hoda ban shafa ba. Ya shigo cikin farar shadda da hula zanna, ya durƙusa gaban Inna. Ko inda nake bai kalla ba.

"Inna, wajenki na zo, ba wajen kowa ba."

"Ina jin ka, angona."

"Kwana biyun nan ina Makoda. Akwai fili a bayan kasuwa, na wani abokin mahaifina, mun daidaita. Ni dama dabbobin nan a ƙauyukan nan nake sayensu, Kano kai su kawai nake yi. Zan iya kwana a nan in kai su can, maimakon in kwana can in zo nan. Ɗaki uku zan fara yi. Ɗaya naki ne. In kin ƙi tashi daga gidanki, tafiyar minti goma ce a babur, kullum za ta zo ta duba ki, ga aikinta ma ba sai ta nemi canji ba." Ya ɗago ya dube ta. "Amma ba zan sa bulo ko ɗaya ba sai kin yarda an yi miki aikin nan."

Inna ta dube shi, ta dube ni. "Ni ma ina da nawa sharaɗin. Ba za a taɓa min ƙirji ba sai an sa rana. Da kunnena zan ji."

Ya ce, "Wannan kuma ba a hannuna yake ba."

Ya miƙe ya fita zaure. Inna ta harare ni ta ce, "Sai na ɗauke ki na kai ki?"

Na same shi tsaye yana jujjuya makullin babur. Na gaishe shi, ya amsa a taƙaice. Sai ya ciro waya ya nuna min saƙona.

"Zulfa, na karanta wannan ya fi sau hamsin. Na so in ba ki amsa, na ga in na yi magana a ranar zan faɗi abin da zan yi nadama. Yanzu na cire maganar Kano, na cire maganar Inna. Saura ni. In ni ne ba kya so, ki faɗa min a nan, wallahi zan kai Inna asibiti ranar da aka sa, in dawo da ita, ba za ki sake ganina ba."

Ban taɓa jin ya kira ni Zulfa ba sai ranar. Kullum Likita.

Na ce, "Ba kai ba ne."

"To wa?"

"Tsoro nake ji. Gani nake in na tafi wani abu zai same ta. Gani nake in na saba da kai, kai ma..."

Ya sauke ajiyar zuciya, ya jingina da bango. "Wannan ba ni da maganinsa. Ban isa in yi miki alkawarin kwana ba. Abin da zan iya, in kina jin tsoron, ki riƙa jin sa a kusa da ni, ba ki turo min takardar sallama ina tsakiyar ciniki ba. Ranar har na sayar da tunkiya da ɗanta a kuɗin tunkiya kaɗai."

Dariya ta ƙwace min ina hawaye. Na goge fuska da gefen hijabi na ce, "Ka turo baffanninka jibi."

"Lahadi?"

"Lahadi. Kafin in sake tunani."

Har ya hau babur na ce, "Hajiya ta san da maganar Makoda?" Mahaifiyarsa nake nufi. Shi ne babban ɗanta namiji, kuma tun bara ta sa aka gyara masa sashe guda a gidansu na Kano, har da sabon tayil. Ya sosa ƙeya ya ce, "Zan faɗa mata. A bari a gama da asibiti tukuna."

Ranar Lahadi da hantsi baffanninsa uku suka zo da goro da alawa, Baffa Sabo ya karɓe su a zaure. Inna ta sa aka kai mata kujera bayan ƙofa don kada a ba ta labari. Wata uku aka sa. Gwaggo Murja ta rangaɗa guɗar da sai da kajin gidan suka watse, sannan ta rungume ni tana cewa in yafe mata maganar ƙwaya. Na ce ni ma a yafe min.

Ranar Laraba aka shiga da Inna ɗakin aiki, ƙarfe tara na safe. Ta ba ni carbinta da ɗan kunnenta na riƙe. Ni da Gwaggo da Baffa muna kan benci, Khamisu yana ta kai da kawo a baranda. Awa ɗaya da 'yan mintuna aka turo ta, idonta biyu, da farar filasta a ƙasan kafaɗarta ta hagu. Dokta Abdussalam ya ce komai ya tafi daidai. Kada ta ɗaga hannun sama da kafaɗa na wasu makonni, kada ta yi daka, kuma ta daina cusa 'yar wayarta a rigar ta wannan gefen.

Washegari da safe nas ta ce ta taka a ga. Ta kama hannuna muka bi dogon barandar har ƙarshe muka dawo. Ba ta tsaya ko sau ɗaya ba. Da ta zauna a bakin gado sai ta saurari jikinta, sannan ta ce, "Ikon Allah. Ashe da can a cikin ruwa nake tafiya." Ta juya wajen Baffa. "Sabo, wata ukun nan bai yi yawa ba kuwa?"

Muna cikin dariya wayata ta yi ƙara. Na duba, sai na ga *Hajiyar Khamisu*. Na fita baranda na ɗaga da ladabi. Ta tambayi jikin Inna, ta yi addu'a mai tsawo, muryarta a sanyaye kamar kullum. Har na fara sakin jiki. Sai ta ce:

"Zulfa, jiya wani mai sayar da bulo daga Makoda ya kira wayar gida yana neman Khamisu. In an sallame ku, ki zo ki same ni. Ke kaɗai, ban da shi. Ina so in ji daga bakinki yadda aka yi ɗana zai bar gidan ubansa ban sani ba."

Na ɗago kai. Ga Khamisu can ƙarshen baranda yana tahowa da fulas ɗin shayi da ledar burodi, yana yi min murmushi, bai san komai ba.

Na ce, "To, Hajiya. Zan zo."